Yadda za ku kai kukan ƙauyenku gun kansila har a saurare ku

In burtsatsen garinku ta lalace ko iska ta yaye rufin ajin firamare, zagin ciyaman a teburin mai shayi ba zai gyara komai ba wallahi, akwai hanyar da ake bi.

Farko dai ku tabbatar abin na ƙaramar hukuma ne. Kasuwa, tashar mota, maƙabarta, kwalbati, firamare da asibitin sha-ka-tafi, duk tsarin mulkin 1999 ya sa hannunta a ciki. Amma babban titi irin na Kano zuwa Katsina na tarayya ne, kar ku je ku ɗaga wa kansila hankali a banza.

Sai ku samu mai unguwa ya raka ku gun dagaci. Na san samari da yawa sun raina wannan matakin, wai ai sarauta ba ta riƙe da ko sisi, e haka ne, amma takardar da dagaci ya buga wa hatimi kuma hakimi ya san da zamanta ba a cusa ta ƙasan durowa da sauƙi, don an san gobe wani babba zai tambaya ina aka kwana.

Takardar kuma shafi ɗaya, matsala ɗaya. Sunan ƙauye, mazaɓa, yaushe abin ya lalace, gida nawa ke shan ruwan, ku haɗa da hoto ko na waya ne. Liman ya sa hannu, shugaban matasa da shugabar mata su ma su sa. Don Allah kar a cusa maganar nema wa ɗan wane aiki a ciki, nan ake ɓata komai.

Ku yi kwafi uku, ɗaya na kansila, ɗaya ku kai sakatariya, na ukun a buga maku sitam da kwanan wata ku dawo da abinku. Mutum huɗu sun isa, ba sai an cika mota ba. Kuma ku kai kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake haɗa kasafin kuɗi.

Za a ce maku babu kuɗi, wannan kam dole. Cikin ladabi ku tuna masu cewa ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, duk da dai aiwatarwar na tafiyar hawainiya. Bayan sati biyu ku koma da kwafin nan mai sitam, ku nemi shugaban sashen ayyuka ku ji inda takardar ta tsaya.