Yadda za ka raba fuskar kantinka na intanet da injin cinikinsa

Kowane kanti na intanet ɓangare biyu ne. Akwai fuska, wato shafukan da mai saye yake gani a wayarsa: hotunan kaya, farashi, kwandon sayayya. Akwai kuma injin da ke baya, mai riƙe da lissafin kaya, oda, haraji da biyan kuɗi. A tsarin da aka saba, irin Shopify da jigoginsa (jigo shi ne shiryayyen zanen fuskar kanti) ko WooCommerce a kan WordPress, su biyun a manne suke, ka taɓa ɗaya ɗayan ya motsa. Tsarin da masu sana'ar ke kira hedles shi ne a raba su: inji yana gefe guda yana aikinsa, fuska kuma a gina ta daban, su riƙa magana ta API, wato ƙofar da manhaja ke bi ta nemi bayani a wurin wata manhajar. Fuska ta nemi bayanin kaya, inji ya ba ta, ita kuma ta nuna shi yadda ta ga dama.

Kafin komai ka tambayi kanka ko kana bukatarsa. Ni dai duk wanda ya zo mini da kanti ɗaya, harshe ɗaya, da jigo mai yi masa aiki lafiya, cewa nake ya zauna inda yake. Rabuwar tana amfani ne idan kaya iri ɗaya za su bayyana a wurare da yawa, a shafin intanet, a manhajar waya, a allon cikin shago, ko kuma kana sayarwa a ƙasashe daban-daban da harsuna da kuɗaɗe daban-daban, ko jigon ya kai iyakarsa ya hana ka abin da kake so. Ka kuma san abin da za ka rasa. Yawancin ƙananan manhajojin da kake ƙarawa da danna maɓalli ɗaya, irin na sharhin masu saye ko na shawarar kaya, an yi su ne don jigo, ba za su fito a sabuwar fuska ba sai an haɗa su da hannu. Sannan daga ranar da ka raba, kana bukatar mai rubuta manhaja na dindindin, ba na wata uku ba.

Idan ka yanke shawarar ci gaba, aikin farko a takarda ake yin sa, kuma shi ne na fi damuwa da shi. Ka jera kowane irin bayani da kantinka ke amfani da shi, ka rubuta mai shi a gabansa, guda ɗaya tak. Farashi na inji ne. Yawan kayan da suka rage na inji ne, ko na manhajar sito idan kana da ita, amma ba na su biyun ba. Dogon bayanin kaya, labarai da hotunan talla suna iya zama a manhajar kula da rubutu irin Contentful, Sanity ko Strapi. Neman kaya yana iya komawa Algolia ko Meilisearch, amma su kwafi kawai suke riƙewa, ba asali ba. Na taɓa duba wani kanti da aka rubuta farashi a wuri biyu, a inji da kuma cikin rubutun talla. Aka rage kuɗi a ɗaya aka manta ɗayan, mai saye ya ga wani farashi a shafin kaya, ya tarar da wani a kwando, ya fice. Ba laifin manhaja ba ne, tun farko ne ba a tsayar da mai farashin ba. Duk inda ka ga sunaye biyu a gaban bayani ɗaya, kada ka matsa gaba sai ka goge ɗaya.

Zaɓen inji bai kai wannan wuya ba. Idan kana kan Shopify, BigCommerce ko Adobe Commerce, ba sai ka tashi ba, dukansu suna da API na fuska. Manyan kamfanoni sukan je ga commercetools na Jamus, wanda yana cikin waɗanda suka kafa MACH Alliance, ƙungiyar kamfanonin da ke yaɗa irin wannan tsari, a 2020. Mai son riƙe komai a hannunsa yana da Medusa ko Saleor, manhajoji ne buɗaɗɗu da kowa ke iya ɗauka ya gyara, sai dai kula da sabar, wato kwamfutar da kantin ke zaune a kanta, da tsaronta ya dawo kansa.

Ga fuska, mutane da yawa suna amfani da kayan gina shafuka mai suna Next.js, masu Shopify kuma suna da Hydrogen da kamfanin ya fitar a 2022. Kowanne ka ɗauka, ka tabbata a sabar ake haɗa shafin kafin a tura wa mai saye. Idan ka bar wa burauza ta ɗebo tulin JavaScript, wato umarnin da ke gina shafin a cikin waya, sannan ta fara neman kaya, mai ƙaramar waya zai zauna yana kallon farin allo, kuma kantin da ka raba don ya yi sauri sai ya fi na da nauyi. Rabuwa ita kaɗai ba ta kawo sauri. GraphQL, salon neman bayani ta API wanda Facebook ya saki a 2015, yana ba ka damar neman iya abin da shafi ke bukata, to ka nemi iya shi ɗin.

Daga nan sai maganar ajiyar wucin gadi, inda yawancin matsaloli suke ɓuya. Don shafi ya buɗe nan take, ana ajiye kwafinsa a sabobin da ke kusa da masu saye. Hoto da bayanin kaya za su iya daɗewa a ajiye ba matsala. Farashi da yawan kaya kuwa suna canzawa a kowane lokaci. Hanyar da nake bi ita ce: inji ya aiko da sanarwa ta atomatik duk lokacin da aka canza wani kaya, fuska ta jefar da tsohon kwafin wannan shafin kaɗai ta gina sabo. Amma sanarwa takan makara, takan zo sau biyu, wani lokaci ma ta ɓace a hanya, don haka ka sa wa kowane kwafi wa'adin mutuwa ko da sanarwa ba ta zo ba. A lokacin da mai saye ya sa kaya a kwando kuwa, inji za a tambaya kai tsaye. Kada ka taɓa yarda da farashin da burauza ta aiko, domin duk abin da ke wayar mutum yana iya canza shi.

Wurin biyan kuɗi ka bar shi a hannun inji ko kamfanin biyan kuɗi irin Stripe. A Shopify kwandon da kansa yana ba ka adireshin shafin biya, sai ka tura mai saye can. Da zarar lambobin kati sun ratsa sabarka, nauyin ƙa'idojin tsaron bayanan kati da ake kira PCI DSS ya ƙaru a kanka, kuma ba nauyi ne da ƙaramin kanti ya kamata ya nema ba. Haka ma mabuɗan API: na fuska an yi shi don jama'a, na gudanarwa kuwa yana buɗe oda da bayanan masu saye, kada ya bar sabar ko sau ɗaya.

Ranar ƙaura kada ka kwashe komai lokaci guda. Fara da shafukan labarai ko rukunin kaya ɗaya, sauran su ci gaba a tsohon kanti. Ka riƙe tsofaffin adireshin shafuka yadda suke, wanda dole ya canza ka sa masa umarnin 301 mai tura baƙi zuwa sabon adireshi na dindindin, in ba haka ba matsayin da ka daɗe kana ginawa a Google zai zube. Taswirar shafuka, bayanan da injin bincike ke karantawa da ƙididdigar baƙi, waɗanda jigo yake yi maka a ɓoye, yanzu kai za ka gina su. Ka auna kafin ƙaura da bayanta a wayoyi na gaske: Google yana ɗaukar shafi mai kyau ne idan babban abin da ke cikinsa ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Ka kuma ba mai rubuta talla hanyar ganin shafi kafin ya wallafa, don kada kowane gyaran jimla ya koma jiran mai manhaja.

Bayan ƙaura, ka sa ranakun sabunta API a kalandarka. Shopify yana fitar da sabon zubi duk wata uku, kuma kowane zubi yana samun kulawa na aƙalla wata 12, saboda haka ko sau ɗaya a shekara sai an zauna an gwada fuska da sabon zubi, tun daga shafin kaya har zuwa biyan kuɗi.