Yadda Ake Sassaƙa da Sayar da Ƙananan Kayan Katako da Injin CNC a Jos

Injin CNC na'ura ce da ke sassaƙa abu bisa umarnin kwamfuta. Mai shiga wannan sana'a ya fara da ƙananan abubuwa, kamar maƙalin makulli ko allon sunan gida. Ana zana fasalin a kwamfuta da manhajar VCarve, sannan a mayar da shi G-code, wato umarnin da injin ke bi.

Zaɓen katako ya fi komai buƙatar natsuwa. A Kasuwar Katako a nemi maɗaci ko malaina da ya bushe sosai, domin ɗanyen katako yakan kantare ko ya tsage da zarar hunturu ya kama, kuma wanda ya saya ba zai sake dawowa ba. A ɗaure katakon tam a kan teburin injin, a sa bakin yanka mai milimita 3, a riƙa nutsa shi kaɗan-kaɗan don kada ya karye. Lallai a tanadi inbata saboda ɗaukewar wuta, a kuma sa takunkumi saboda ƙura.

Bayan an goge da samfefa an shafa banish, a tallata hotunan a WhatsApp, musamman ga masu neman tsarabar biki. A karɓi rabin kuɗi kafin a sassaƙa suna, domin kayan da ke ɗauke da sunan wani ba ya sayuwa ga wani.