Motar kwana, kare da masu zango: don sababbin zuwa Amurka

Duk wanda ya zo Amurka ya samu aikin da ke yawo da shi daga jiha zuwa jiha, ko aikin rijiyoyin mai ne a wajajen Midland da Odessa a yammacin Texas, ko dasa faranten sola a daji, ko 'yan uwanmu mata masu aikin jinya na kwantiragin mako 13, ba ya daɗewa wani zai ce masa ai ka daina zuba kuɗi a hayar gida, sayi motar kwana kawai, wadda suke ce wa RV, ka samu zango ka ajiye ta. Shawarar ba laifi, mutanenmu da yawa da ita suka tara abin da suka gina gida a Kano da Maraɗi, kuma wallahi ina alfahari da yadda yaranmu ke jure wannan rayuwa ba ƙorafi. Amma masu ba da shawarar ba sa faɗa maka cewa zangon nan da za ka sauka, kusan kowace mota ta biyu akwai kare a ciki, wata ma uku, kuma rabin rigimar da ake yi da masu zango a kan kare ake yin ta, ko kana da shi ko ba ka da shi.

Sayen motar da haɗa ta ba zan tsaya a kai ba, wannan a yini ɗaya za ka koya. Ka dai san wutar motarka mai amf 30 ce ko mai 50 kafin ka kama wuri, kar ka bar bakin tankin bayan gida a buɗe kullum sai ya cika ka zubar, kuma wasu zangon ba sa karɓar motar da ta wuce shekara 10 sai ka tura musu hotonta sun gani. Shi ke nan.

Na farko, ku da ba ku da kare kuma ba ku son ganinsa. Na sani, yawancinmu haka muka taso, kare na mafarauta ne da Fulanin daji da masu gadi, in ya doso ka sai ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse ya gudu. Don Allah wannan sunkuyawar ku bar ta a gida. Wani ƙanenmu da ya zo daga Zariya, bai yi wata guda ba, karen wata tsohuwa ya zo yana shinshina ƙafarsa da asuba, ya kai masa shuri, ba ma wani shurin kirki ba, kafin azahar manajan zangon ya buga masa ƙofa, kafin la'asar an kira masu kula da dabbobi na ƙaramar hukuma. Da ƙyar muka kashe maganar da ban haƙuri. Ya ce min, Yaya, kare ne fa. Na ce eh kare ne, amma matar nan a gabanka take kiransa ɗana, kuma cin zalin dabba laifi ne a duk jihohi 50 na ƙasar nan, kai kuma takardunka ba su gama fitowa ba, me ya kai ka shiga littafin 'yan sanda a kan shuri ɗaya. In kare ya nufo ka ka tsaya cak, kar ka gudu, ka ce wa mai shi ya ja igiyarsa, kana da wannan haƙƙin domin dokar kusan kowane zango ita ce kare ya kasance a igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. In ya ƙi, ofis za ka je, ba dutse ba. Ku koya wa yara ma, don su suka fi ihu da gudu, kuma gudun ne ke sa kare ya bi su.

Maganar tsarki kuma kowa ya tambayi malaminsa. Ni dai abin da na karanta a wajen malamanmu na Malikiyya shi ne kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, sauran mazhabobi kuma sun fi tsanantawa. Na ga mutum ya canza wando sau uku a rana don wutsiyar kare ta goge shi, ga injin wanki na zango da kuɗi ake kunna shi. Ka yi shimfiɗar sallarka a cikin mota, ka huta.

To yanzu ku da kuka ajiye kare, ko don gadi saboda kuna kwana a wajen gari, ko yara da aka haifa a nan suka matsa. Nan ne wahalar take, kuma duk a takarda take.

In daga gida kake son kawo shi, ka zauna ka yi lissafi tukuna. Tun 1 ga Agusta 2024 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsaurara dokar shigo da kare: dole kare ya kai wata 6, a saka masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, ka cike fom ɗinsu ta intanet. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin jerin ƙasashen da suka ce akwai haɗarin ciwon haukan kare, don haka in can aka yi masa allura sai ka kawo takardar da likitan dabbobi na gwamnati ya sa wa hannu, da gwajin jini daga ɗakin gwajin da suka amince da shi, in babu gwajin a tsare karen kwana 28 kai ke biya, kuma ba kowane filin jirgi zai sauka ba sai wanda ke da wurin duba dabbobi mai rajista, irin su JFK a New York da Atlanta da Dulles ta Washington. Wani abin dariya, dogon siririn karen nan na Buzaye da ke bin raƙuma a arewacin Nijar da Mali, Azawak, a nan kare ne na masu hali, ƙungiyar AKC mai rajistar jinsunan karnuka a Amurka ta shigar da shi cikin jerin nata a 2019, mutane na tsayawa ɗaukar hoto da shi. Duk da haka ni shawarata ka je gidan da ake tara karnukan da ba su da masu su ka ɗauko ɗaya, da allurarsa da komai, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A Texas doka ce a yi wa kare allurar haukan kare kafin ya wuce wata 4. Takardar allurar nan ka ɗauki hotonta a waya, ka kuma ajiye ta ainihi a aljihun mota tare da takardar inshora, don masu zango da yawa sai sun gani kafin su ba ka lambar fili.

Sai uwa-uba, masu zango. In ka ga an rubuta a shafinsu cewa ana maraba da dabbobi, wannan kalmar talla ce kawai, ba ta gaya maka komai ba. Wani zangon kare biyu ne iyaka, wani yana da iyakar nauyi, wani yana cajin kuɗin kare kowane dare daban da kuɗin fili, wani kuma, kuma wannan ne ke cin mutane, yana da jerin jinsin da ba ya karɓa: Pit Bull, Rottweiler, Doberman, wani lokaci har da German Shepherd. Ba don sun ga karenka ya ciji wani ba, kamfanin inshorarsu ne ya gindaya musu. Matsalar ita ce wa zai yanke hukuncin jinsin karenka? Idon manaja. Nawa karen gauraye ne, takardar gidan da na ɗauko shi ta ce jinin Labrador ne da wani abu, na kira wani zango a waya na ce ina da kare matsakaici mai hankali, yarinyar ofis ta ce ba damuwa, na biya kuɗin wata guda da kuɗin ajiya ta kati, na yi tuƙin yini guda da yara a baya, muka iso dab da magariba. Na haɗa wuta na haɗa ruwa, mai ɗakina ta ɗora tukunya, sai ga manajan a 'yar motarsa ta zagaya fili, ya tsaya ya zuba wa karen ido, ya ce faɗin kan nan na Pit Bull ne. Na ce ga takarda. Ya ce shi takardar gidan karnuka ba ta dame shi ba, ya zaro yarjejeniyar da na sa wa hannu ta waya, ya nuna min layi a shafi na uku: duk karen da ya yi kama da waɗannan jinsin, a ganin hukumar zango. A ganinsu fa, ba a ganin likita ba. Ya ba mu zuwa safiya. Kuɗin ajiyar nan har yau ban sake ganinsa ba, na watan ma rabi suka dawo da shi bayan saƙonni ba adadi, yarinyar da ta ce ba damuwa kuwa aka ce ba wanda ya san da wa na yi magana.

Abin da ya sa na kawo wannan, na ga mutum uku cikin namu sun faɗa ramin nan a gabana bayan na gaya musu, kowa ya ce ai na yi magana da su a waya. Waya ba shaida ba ce a ƙasar nan. Ka tura hoton karen ta imel, gaba da gefe, ka rubuta nauyinsa, ka ce su amsa a rubuce cewa sun karɓi wannan karen, sannan ka biya. In gauraye ne mai faɗin kai, ka roƙi likitan dabbobi ya rubuta maka jinsin da yake gani a takarda mai hatiminsa. Kuma ka gane matsayinka: a wurare da yawa mai zama a zango a matsayin baƙo ake ɗaukarsa, irin na otel, ba ɗan haya ba, don haka kariyar da ɗan hayar gida ke da ita ta sai an ba shi wa'adi an je kotu ba lallai ta hau kanka ba, ya danganta da jihar da abin da ka sa wa hannu. Ka karanta takardar duka, har ƙananan rubutun, in Turancin ya yi maka nauyi ka turo a zauren WhatsApp na al'umma, akwai masu karanta maka kyauta, ba kunya a ciki. Ka tambayi kuɗin wuta ma, don masu biyan wata-wata yawanci mita ake saka musu daban, kuma a watan Yuli da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki dare da rana kuɗin zai ba ka mamaki. Manyan kamfanonin zango irin KOA, wanda ya fara a Billings ta Montana a 1962 kuma yanzu yana da zango sama da 500, da yawansu suna da ɗan fili mai shinge da ake sakin karnuka, amma mafi yawansu kowanne da mai shi, don haka dokar wannan ba ita ce dokar wancan ba, sai ka tambaya ɗaya-ɗaya.

Akwai kuma masu wayo da za su ce maka sayi riga ta intanet ka saka wa karen ka ce karen taimakon nakasassu ne, ba mai hana ka shiga ko'ina. Kar ka soma. Dokar kare haƙƙin nakasassu ta 1990, wadda suke ce wa ADA, karen da aka horar don ya yi wa mai nakasa wani aiki take karewa, ba karen ɗebe kewa ba, kuma a Texas tun 2023 tarar yin wannan ƙarya tana iya kaiwa dala 1,000 da aikin gayya na dole. Ban da zubar mana da mutunci, don mu kaɗan ne a wuraren nan, abin da mutum ɗaya ya yi duk mu ake wa kallonsa.

Ɗaure kare da sarƙa a gindin mota ka tafi aiki, irin yadda ake yi a gida, shi ma babu. Texas ta hana barin kare a waje ɗaure da sarƙar ƙarfe, ko ba inuwa ba ruwa, tun Janairun 2022, kuma yawancin zango ba su yarda a bar kare a waje ba kowa ko da minti goma ne. In kuma a cikin mota ka kulle shi, ka tuna motar nan akwatin gwangwani ce. Likitocin dabbobi na Amurka sun ce zafin cikin mota na ƙaruwa da kusan digiri 20 a ma'aunin Faranhait cikin minti 10, a Odessa kuwa rani na wuce 100 a waje. Wuta na ɗaukewa a zango, ba sai a gida ake ɗauke wuta ba, in kowa ya kunna na'urar sanyi lokaci ɗaya sai abin ya faɗi. Akwai 'yar na'urar auna zafi da ke turo saƙo a waya, ka saya, ka kuma bar makulli wajen maƙwabcin da ka yarda da shi. In ka bar shi yana haushi duk yini ma takardar gargaɗi za ka tarar a ƙofa.

Abinci: ragowar miyarmu ba ta kare ba ce, albasa da tafarnuwa na lalata masa jini, inabi da zabibi na kashe ƙoda, cakulan guba ne gare shi, goro ma haka, don haka Alhaji mai tauna goro ya daina tofarwa a ƙofar mota. A jihohin kudu sauro na saka musu tsutsar zuciya, akwai ƙwayar da ake ba su wata-wata, kuma in kun shiga ciyawa ka laluba kunnuwansa da tsakanin yatsu saboda kaska.

Masu son kai iyali yawon buɗe ido a gandun dajin gwamnatin tarayya, ku duba kafin ku tashi. A Big Bend kare ba ya hawa hanyar ƙafa ko ɗaya, inda mota ke zuwa nan kawai zai je, a Yellowstone kuma ba zai wuce ƙafa 100 daga titi ko wurin ajiye motoci ko zango ba, ke nan wani a cikinku zai zauna gadin kare sauran su tafi kallo. Wurin kwana a shafin intanet na gwamnati, Recreation.gov, ake kamawa, da yawa wata 6 kafin lokaci suke buɗewa kuma nan da nan suke cika.

Sai kashin kare. Na san abin ƙyama ne, na ga dattijo mai furfura ya juya baya yana danna waya kamar bai ga abin da karensa ya yi ba. Ana ganinka, akwai kyamara, akwai tsofaffi masu ritaya da ba su da aiki sai leƙe ta taga. Ana ajiye ledoji kyauta a jikin turaku a yawancin zango, ka sa hannu a leda ka kwashe ka juya ta ka ɗaure ka jefa a kwandon da aka tanada. In ba za ka iya wannan ba, kar ka ɗauko kare tun farko.