Yadda Ake Ɗora wa Kwamfuta Aikin Ofis a Kamfanin Kula da Masu Buƙata ta Musamman

Duk ziyarar da ma'aikaci ya kai gidan mai buƙata ta musamman, ko don taimaka masa da wanka da girki, ko don raka shi asibiti, tana haifar da aikin ofis mai yawa: a sa ziyarar a jadawali, a tabbatar an yi ta, a rubuta rahoto, a nemi biya, sannan a lissafa albashi. A kamfanoni da dama, sunan mutum guda da sa'o'i guda ake ta sake bugawa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare, kuma a nan ne kuskure yake samun ƙofa. Manufar ɗora wa kwamfuta wannan aiki ita ce a shigar da bayani sau ɗaya tak, ya riƙa gangarawa da kansa har zuwa ƙarshe, yayin da hukunci a kan lafiya da mutuncin wanda ake kula da shi yake nan a hannun ɗan Adam.

Mataki na farko: a bi sawun ziyara guda

Kafin a sayi kowace manhaja, a ɗauki ziyara guda da aka riga aka kammala, a bi ta tun daga ranar da aka buƙace ta har ranar da kuɗinta suka shigo, ana rubuta hannun da ta bi da inda ta yi jinkiri. Daga nan sai a ware ayyukan da suka cika sharuɗɗa uku: ana maimaita su kullum, suna da ƙa'ida tsayayya wadda ba ta buƙatar dogon nazari, kuma idan an yi kuskure a cikinsu ana iya ganowa a gyara. Tunatar da ma'aikaci lokacin aikinsa ya cika waɗannan sharuɗɗa. Yanke shawarar rage wa wani sa'o'in kulawa bai cika su ba. Idan kuma aka tarar da wata takarda da ake cikewa alhali babu mai karanta ta, kuma babu dokar da ta wajabta ta, soke ta ya fi a mayar da ita cikin kwamfuta, domin na'ura ba ta gyara tsarin da ya rikice, sai dai ta ƙara wa rikicin gudu.

Mataki na biyu: a tara bayanai a rumbu guda

Wannan shi ne mataki mafi gajiyarwa, kuma shi aka fi tsallakewa. Kowane mutum da ake kula da shi a ba shi lamba tasa wadda ba ta canzawa, saboda sunaye suna iya zuwa ɗaya, kuma ana rubuta su ta hanyoyi daban-daban. A share bayanan da aka maimaita, a daidaita yadda ake rubuta kwanan wata, sannan a mayar da yarjejeniyar da aka ƙulla da kowane mutum zuwa gurabe da na'ura za ta iya karantawa: irin hidimar, adadin sa'o'i, farashi, ranar farawa da ranar ƙarewa, da kuma wanda zai biya.

Sai bayan haka ake maganar manhaja. Ƙaramin kamfani yana iya farawa da Excel ko Google Sheets, ya haɗa su da sauran kayan aikinsa ta hanyar Zapier ko Power Automate, masu tura bayani daga wata manhaja zuwa wata da kansu, amma da zarar ma'aikata sun yi yawa, manhajar da aka gina musamman don harkar kulawa ta fi aminci. A tambayi mai sayarwa ko tana haɗuwa da manhajar lissafin kuɗi irin su Xero ko QuickBooks, ko tana aiki a waya idan babu intanet, da kuma ƙasar da ake ajiye bayanan. Tambayar da ta fi duka muhimmanci, a ganina, ita ce ko za a iya kwashe bayanan gaba ɗaya a fita da su ranar da aka so rabuwa, domin kamfanin da ba zai iya fita ba dole ya karɓi duk farashin da aka yanka masa.

Mataki na uku: jadawali da shaidar zuwa aiki

A koya wa manhajar ƙa'idojin da ba a ƙetarewa: kada a ba ma'aikaci guda gidaje biyu a lokaci guda, a bar masa lokacin tafiya tsakanin gida da gida da hutun da dokar ƙwadago ta tanada, kuma kada a tura wanda bai samu horon da aikin yake buƙata ba, kamar ɗaga mutum da na'urar ɗagawa ko ba da magani. Haka nan a shigar da zaɓin wanda ake kula da shi. Matar da ta ce mace take so ta riƙa yi mata wanka, da kurman da yake buƙatar mai jin yaren hannu, da mai galahanga da sabuwar fuska take tayar masa da hankali, duk bayanansu su zama sharaɗi a cikin tsarin. Duk da haka, manhaja ta tsaya a ba da shawara, jami'in jadawali ya amince, domin ita gurbi kawai take gani, ba ta san cewa wasu mutum biyu ba sa jituwa ba.

Game da shaidar zuwa aiki kuwa, akwai ma'auni mai kyau da za a iya ara daga Amurka, inda wata doka ta 2016 ta wajabta tabbatar da ziyara ta hanyar na'ura a hidimar kula da mutum a gida wadda Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati don masu ƙaramin ƙarfi, yake biya. Abubuwa 6 ake adanawa: irin hidimar, wanda aka yi wa, wanda ya yi, kwanan wata, wurin, da lokacin farawa da gamawa. Ko a inda doka ba ta tilasta ba, waɗannan sun isa su zama tushen neman biya da na albashi. Sai dai a taƙaita ɗaukar wurin da mutum yake ga lokacin shiga da fita kawai, tunda gidan mutum ne ba ofis ba.

Mataki na huɗu: neman biya da albashi

A nan ne ribar aikin take fitowa fili. Ziyarar da aka tabbatar sai ta zama layi a takardar neman biya, kuma sa'o'inta su wuce kai tsaye zuwa lissafin albashi. Wahalar tana cikin ƙa'idojin masu biya. A Ostireliya, alal misali, shirin inshorar nakasa na ƙasa, wato NDIS, wanda ya fara aiki a 2013, yana ba kowace hidima lambarta, yana ƙayyade iyakar farashi, wadda kan bambanta tsakanin ranakun aiki da ƙarshen mako da ranakun hutu, kuma ana sabunta ta lokaci zuwa lokaci. Takardar neman biyan ma tana iya tafiya ga hukumar da take gudanar da shirin, ko ga wakilin da yake riƙe wa mutum kuɗinsa, ko ga mutumin kansa. Saboda haka a ajiye farashi a teburi guda mai ɗauke da ranar da kowane farashi ya fara aiki, ta yadda sauyi ɗaya zai wadatar. A sa tsarin ya yi gargaɗi tun kuɗin da aka ware wa mutum don kulawarsa ba su ƙare ba, kuma duk ziyarar da ta saɓa wa jadawali, ko aka soke ta a ƙurarren lokaci, a tsayar da ita a gefe har sai wani ya duba.

Mataki na biyar: tunatarwa da rahoton haɗari

Takardar shaidar taimakon gaggawa, lasisin tuƙi, inshorar mota da takardar tantance halin ma'aikaci duk suna da ranar ƙarewa, don haka a sa na'ura ta riƙa tunatarwa tun da sauran lokaci, ta kuma hana sa mutum a jadawali idan takardarsa ta mutu. Rahoton haɗari ya fi wannan nauyi. A ƙarƙashin NDIS, manyan al'amura kamar mutuwa, mummunan rauni ko zargin cin zarafi dole ne a sanar da hukumar sa ido cikin sa'o'i 24, saboda haka fom ɗin da ma'aikaci ya cike a waya ya isa ga shugaba nan take, idan kuma bai buɗe ba saƙon ya wuce ga na gaba da shi.

Mataki na shida: a kulle ƙofar sirri

Bayanan nakasa da na lafiya amana ne. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta sa bayanan lafiya a rukuni na musamman, kuma ta nemi a sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan an gano wata ɓaraka mai haɗari ga masu bayanan. Kowane ma'aikaci ya ga bayanan mutanen da yake yi wa aiki kawai, a sa tabbatarwa mai hawa biyu wajen shiga, wato kalmar sirri da ƙarin wata shaida kamar lambar da ake turowa a waya, a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya mayar da murya rubutu ko su taƙaita rahoto, amma sukan ƙara abin da ba a faɗa ba, don haka wanda ya kai ziyarar ya karanta ya amince kafin a adana, kuma kada a zuba bayanan mutane a manhajar da babu yarjejeniyar sirri da masu ita.

Mataki na bakwai: gwaji

A fara da rukuni guda na ma'aikata, a tafiyar da tsohon tsari da sabo tare na tsawon zagayen albashi biyu, ana kwatanta sakamako. A gwada fom da saƙonni da masu amfani da su na haƙiƙa, har da makaho mai amfani da manhajar karanta allo da wanda rubutu mai sauƙi kaɗai yake fahimta, a kuma bar layin waya ga wanda ya fi son magana da mutum. A naɗa mutum guda da zai riƙa duba ayyukan da suka maƙale kowace safiya, saboda haɗin manhajoji yakan tsinke ba tare da sanarwa ba, sannan a ajiye kwafin jadawalin gobe da lambobin gaggawa a inda za a same su ko da intanet ta ɗauke.