Yadda ake gano tsuntsu mai bakin cokali a gaɓar teku

Wannan ɗan tsuntsu, wanda masana ke kira Calidris pygmaea, tsawonsa santimita 14 zuwa 16 ne, kusan girman gwara. Yana ƙyanƙyasa a Chukotka, can arewa maso gabashin Rasha, sannan ya yi hunturu a gaɓar tekun Bangladash, Myanmar, Tailan da kudancin Sin. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai dubu ɗaya ba.

Wurin da ya fi sauƙin kaiwa shi ne kududdufan gishiri na Pak Thale a lardin Phetchaburi na Tailan, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Tsibirin Sonadia na Bangladash ma ana samunsa, amma sai da jirgin ruwa.

Da farko ka duba jadawalin cikar teku. Idan ruwa ya janye, tsuntsayen kan bazu cikin taɓo mai nisa. Idan ya cika, sai su taru a kududdufai, don haka ka isa kamar awa biyu kafin cikarsa. Ka tsaya rana tana bayanka. Ka tafi da madubin hangen nesa mai ƙafa uku, mai girmama abu sau 20 zuwa 60, domin na rataye a wuya ba zai nuna maka bakin ba.

Wahalar tana nan: yana cuɗanya da ɗaruruwan 'yan'uwansa masu jan wuya, Calidris ruficollis, kuma a hunturu duka launin toka ne a sama, fari a ƙasa. Kada ka fara da neman bakin, domin daga gefe faɗinsa ba ya fitowa. Ka nemi wanda goshinsa da ƙirjinsa suka fi fari, kansa ya ɗan fi girma, yana kiwo cikin ruwa marar zurfi, kai a sunkuye, yana kai baki dama da hagu. Ka riƙe shi a madubi har ya fuskanto ka, nan cokalin zai bayyana. A nan mutane da yawa ke kuskure: laka takan manne a bakin mai jan wuya ta yi kama da cokali. Jira ya tsoma baki a ruwa ka sake dubawa.

Kada ka taka bangon kududdufin masu gishiri ba izini, kuma kada ka matsa har garken ya tashi, don kitsen da zai kai shi Rasha yake tarawa. In ka ga 'yar tuta a ƙafarsa, wato alamar da masu bincike ke ɗaura wa tsuntsu don a gane shi, rubuta launinta, lambarta, ƙafar da take, da kwanan wata, ka miƙa wa ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar.