Yadda Ake Inganta Iri da Hasken Gama

A 1928 masanin kimiyya Lewis Stadler ya nuna a Amurka cewa hasken eksre yana sauya ƙwayoyin gado na sha'ir da masara, kuma sauyin yana bin iri. Zuwa yau nau'o'in amfanin gona sama da 3,000 aka samar ta irin wannan hanya.

Da farko a zaɓi iri mai kyau wanda aibu ɗaya ke rage masa daraja, kamar dawa mai yawan tsaba amma mai jinkirin nuna, ko waken da wuta-wuta ke kassarawa. A Zariya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ce wurin neman tsarkakken iri, domin na kasuwa a gauraye yake.

Sai a busar da irin, danshinsa ya tsaya kusan kashi 12 cikin ɗari, a ɗebi kaɗan a rarraba shi kashi-kashi, a haska wa kowane kashi hasken gama (haske mai ratsa jiki kamar eksre) daga sinadarin kobal-60 da ƙarfi daban, a bar kashi guda ba a taɓa ba don kwatance. Ana shuka su a ga inda kusan rabin tsiron ya mutu, sannan a haska sauran irin da ƙarfin da bai kai wannan ba. Aikin ƙwararru ne a cibiya mai lasisi. Irin kuwa ba ya riƙe hasken a jikinsa, saboda haka babu fargabar taɓa shi.

Shukar farko takan fito a wahale, kuma kada a yanke hukunci a kanta, domin yawancin sauye-sauyen a ɓoye suke. A rufe zangarniyar dawa da jakar takarda kafin ta yi fure, a girbe kowace daban.

A shuka ta biyu ne aikin gaske yake, kuma a nan na ga ya kamata a kashe mafi yawan kuɗi da lokaci. Ana shuka dubbai, kowace zangarniya a layinta, a riƙa bin kunya-kunya da littafi a hannu, domin galibin sauye-sauyen illa ne, mai amfani ɗaiɗaiku ne. Mai neman juriyar wuta-wuta dole ya shuka a gonar da ta kamu, in ba haka ba bai gwada komai ba.

Waɗanda aka zaɓa a sake shuka su damina uku ko huɗu har halin ya zauna, a gwada su a Samaru da Kadawa ta jihar Kano da gonakin manoma, sannan a miƙa wa kwamitin ƙasa mai rajistar sababbin iri.