Yadda za ka auna kasuwar magani ta Katar kafin ka zuba kuɗinka

Ina aikin harhaɗa magunguna a Agege, kuma 'yan'uwanmu masu saro kaya a Idumota sukan tambaye ni ko kasuwar Katar za ta shigu, tunda ƙasa ce mai arzikin iskar gas, ga jirgi daga Legas kai tsaye zuwa Doha. Abin da nake gaya musu shi ne, kuɗi kam akwai, amma sai ka san hannun da yake kashe su.

Fara da mutanen. Duka-duka kusan miliyan 3 ne, Legas kaɗai ta ninka su sau da yawa. 'Yan ƙasa ba su wuce kusan kashi 10 cikin 100 ba, sauran baƙi ne 'yan ci-rani, yawancinsu maza masu jini a jika. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sayarwa katan-katan ba shi da kasuwa a can. Abin da ke damunsu ciwon suga ne, da hawan jini, da ciwon zuciya, da ƙiba. Cututtuka ne na shan magani har ƙarshen rai, shi ya sa nake ganin buƙata ba za ta ragu ba.

Daga nan sai ka tambayi wane ne mai saye. Nan ne da yawa suke tuntuɓe. Babban mai saye gwamnati ce, ta hannun Hamad Medical Corporation mai riƙe da manyan asibitoci, da hukumar da ke kula da ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwanni. Saye ne na kwangila, ba ciniki irin namu na "nawa za ka bari" ba. Kafin magani ya shiga ƙasar, dole Ma'aikatar Lafiya ta yi masa rajista, dole ka sami wakili mai lasisi a can, kuma ma'aikatar ce ke yanke farashin da kantin magani zai sayar. Lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ba ta isa ba. Za su nemi shaidar ingancin masana'antar da ta haɗa maganin, kuma za ka yi gogayya ne da manyan kamfanonin Turai da Amurka da suka daɗe da kafa gindi. Wanda ba shi da masana'anta a bayansa, gaskiya kada ya ɓata jarinsa.

Sai mai biyan kuɗi. Doka mai lamba 22 ta shekarar 2021 ta wajabta inshorar lafiya ga baƙi, ma'aikata da masu ziyara, kuma tun Fabrairun 2023 mai ziyara yana biyan riyal 50 a wata. Ka sa ido a kan yadda ake dabbaƙa dokar ga ma'aikata, domin ita za ta ƙara tura marasa lafiya asibitocin kuɗi da kantunan magani masu zaman kansu.

Abu biyu ke ba ni natsuwa game da gaba. Riyal ɗaure yake da dala a kan riyal 3.64 kowace dala ɗaya, don haka babu fargabar da muke sha da naira. Sannan a shekarar 2024 ƙasar ta sanar da shirin ɗaga gas ɗin da take fitarwa daga tan miliyan 77 a shekara zuwa miliyan 142 nan da 2030, kuma daga nan kasafin lafiya ke fitowa. Amma ka tuna takunkumin da maƙwabta suka ƙaƙaba mata daga 2017 zuwa 2021 ya koya mata son haɗa nata maganin a gida, ko da yake har yanzu yawancin maganinta shigo da shi ake yi.

A ganina, ƙofar da ta fi buɗe mana ta aiki ce. Idan kai mai harhaɗa magunguna ne, ko ma'aikaciyar jinya ce ƙanwarka, ku tattara takardun makaranta da lasisin aiki da shaidar shekarun ƙwarewa, a tantance su ta DataFlow, kamfanin da ke binciken sahihancin takardu, a zauna jarrabawar ƙwarewar aiki ta kamfanin Prometric, sannan a nemi lasisin Ma'aikatar Lafiya ta Katar. Ka tabbatar da sunan asibitin da ke neman ka kafin ka ba kowane dillali ko sisi.

Ina roƙonka, kada ka karɓi saƙon magani daga hannun kowa a filin jirgin Murtala Muhammed. Tramadol da danginsa ba tare da takardar likita ba, ɗauri ne a Katar. Naka na sha ma, ka tafi da shi cikin kwalinsa, tare da takardar likitan da ya rubuta maka.